Madubi biyu a kan atamfa: abin da ido ya gani shi keke zai ɗinka?

Maman Ilham: Assalamu alaikum 'yan zaure, barkanmu da warhaka. Tambaya gare ni ga duk wadda ta san ɗinkin bargon haɗe-haɗe irin na matan Amurka, wanda ake yanyanka yadi alwatika-alwatika, a haɗa shida ko takwas su ba da fure guda. Na ga kafin su sa almakashi sai su tsayar da madubi biyu a kan yadin suna jan su nan da can. Ina da turmin atamfa mai manyan ganye, ja da ruwan ƙwai a kan baƙi, ina so in gwada da shi. Abin da nake son sani, furen da madubin ya nuna, shi ne daidai zai fito in an ɗinka? Don yadi in ya ji almakashi ba ya komawa.

Hajiya Binta Tela: Wa alaikumus salam. Ɗiyata, sabon turmi za ki daddatsa don ki sake haɗa shi? A tsadar nan? Ni na san haɗe-haɗe da ƙyallayen da suka rage a ƙasan tebur ake yi.

Anti Rabi: Wa alaikumus salam Maman Ilham. Ni ina jihar Ohayo ta Amurka, kuma akwai ƙungiyar mata masu wannan ɗinkin da nake zama da su. Amsa a taƙaice, madubi yana nuna miki kala da yanayin furen, amma ba lallai ya nuna ainihin abin da za ki samu ba. Ya danganta da yadin da kuma yadda kika jera yankan. Hajiya, ranki ya daɗe, wannan nau'in ba ya yiwuwa da ƙyallaye, dole yanka shidan su fito daga wuri iri ɗaya a jikin adon, shi ya sa ake buƙatar dogon yadi da adonsa ya maimaitu sau shida.

Zulai: Anti don Allah a fara mana daga farko, wasunmu ko madubin ba mu taɓa gani ba.

Anti Rabi: Ba wani abu ba ne ƙanwata. Madubi biyu ne masu girma ɗaya, a ce inci 6 da 6. Ki haɗa su fuska da fuska, ki bi gefe ɗaya da salatif mai ƙarfi ta waje, shi ke nan, ya zama abin buɗewa da rufewa. Ki tsayar da shi a kan yadi ki buɗe bakinsa. Ɗan yankin da ke tsakanin madubin biyu zai ninku ya zagaye ya zama fure. Ki ja shi inci ɗaya kacal, furen ya canja gaba ɗaya. A nan ana sayar da na roba a shagunan kayan ɗinki, amma duk mai yankan gilashi a gida zai yi miki. Ki dai ce ya goge bakin da dutse, ko ki naɗe shi da salatif, don yana yanka hannu yana kuma jan zaren yadi.

Malam Nura: Salamu alaikum. Ni ba tela ba ne, maiɗakina ce ke ɗinki, wayarta ta lalace take amfani da tawa, ta haka na faɗo zauren nan. Amma fiziks nake koyarwa, kuma wannan darasin ɗalibaina ne. Ƙa'idar ita ce a raba 360 da kusurwar da aka buɗe madubin. In an buɗe digiri 90, gida 4 za a gani, har da na ainihi da ke kan yadin. Digiri 60 gida 6. Digiri 45 gida 8. Digiri 30 gida 12. Wannan ita ce dabarar da ke cikin abin leƙen nan na yara mai suna kaleidoskop, wanda wani masanin kimiyya ɗan Sikotilan, David Brewster, ya ƙirƙira a 1816, ya yi masa rajista a 1817. Daga shi ɗinkin ya samo sunansa, ana ce masa ɗinkin kaleidoskop.

Zulai: To Malam, ni da ba ni da abin awon kusurwa fa?

Malam Nura: Akwai ɗan makaranta a gidanku? Ki buɗe akwatin lissafinsa, akwai robobi biyu masu kusurwa uku. Ɗaya tana da 45, ɗayar tana da 30 da 60. Ki zura kusurwar da kike so tsakanin madubin, ki matse su a jikinta, ki zare. In kuma 60 kawai kike nema, ko robar ba kya buƙata: in faɗin kowane madubi inci 6 ne, ki buɗe har tazarar bakinsu ta zama inci 6. Gefe uku sun yi daidai, kusurwa ta zama 60.

Maman Ilham: Allah ya saka Malam. Amma Anti Rabi, ki dawo kan maganarki ta farko, ita ce ta tsaya mini a rai. Me zai sa abin da na gani ya bambanta da abin da na ɗinka?

Anti Rabi: Yauwa, nan ne gizo ke saƙar. Madubi juya abu yake yi, dama ta koma hagu. Ki sa ganyen da ya karkata dama a tsakanin madubin, hoton da ke kusa da shi zai karkata hagu, na gaba ya koma dama, haka har a zagayo. Kowane ganye yana fuskantar ɗan'uwansa, suna haɗuwa a kan layi su yi siffa ɗaya. To amma ke da za ki yanka, me za ki yi? Za ki jera yadi shida ɗaya bisa ɗaya, duk fuska sama, ki yanka su tare. Yanka shidan nan duk dama suka karkata, babu mai hagu ko ɗaya. In kika jera su, ganyen za su bi juna ne suna zagaye kamar fuka-fukan fanka. Yana da kyau, wani lokaci ma ya fi na madubin rai, amma ba shi kika gani ba.

Malam Nura: Anti ta faɗi daidai. A lissafi abu biyu ne daban, daidaiton juyi da daidaiton madubi. Wuri ɗaya suke haɗuwa: in yankin da aka zaɓa shi kansa damansa da hagunsa iri ɗaya ne, kuma tsinin alwatikar ya hau kan layin tsakiyarsa. A nan ko an juya ko ba a juya ba duk ɗaya ne, madubi ya faɗi gaskiya ke nan.

Anti Rabi: Shi ya sa manyan masu wannan aikin suke farautar yadi mai irin wannan adon. Akwai wata mata a unguwar Bronx ta birnin Niyok, Paula Nadelstern, da ta yi suna a kansa, har gidan adana fasahar gargajiya na Amurka da ke birnin ya yi baje kolin aikinta ita kaɗai a 2009. Shekara da shekaru a kan teburin kicin ɗinta take aikin. Ita ba jera yadi take yi ta datsa ba, kowane gida na furen tana gina shi ne da ƙananan yanka masu yawa, kowanne an zaɓe shi da ido an ɗora a tsakiyar ado. Hanyar jerawa a datsa gaba ɗaya kuwa, Bethany Reynolds ce ta yaɗa ta a ƙarshen shekarun 1990, daga baya Maxine Rosenthal ta zo da salon gida shida a 2006, wanda bargon duka daga yadi ɗaya yake fitowa. Mafi yawan bidiyon da kuke gani na wannan salon ne.

Hajiya Binta Tela: To in madubin ƙarya yake yi, mene ne amfaninsa? A jefar mana.

Anti Rabi: A'a Hajiya, ba a kai nan ba. Babban aikinsa a wurin saye ne. Akwai yadin da in kika gan shi a shimfiɗe sai ki ce wannan muni ya yi yawa, manyan furanni, kala bakwai suna faɗa da juna. Ki ɗora madubi ki ga ikon Allah. Akwai kuma mai kyau a ido, ƙananan ɗigo-ɗigo, ki ja madubin daga wannan gefe zuwa wancan, fure ɗaya yake ta ba ki. Irin wannan in kika yanka, kin yi wahalar banza, bargon zai fito fuska ɗaya. Madubi yana gaya miki ko yadin yana da abin bayarwa, yana nuna miki wace kala za ta rinjaya, da kuma yawan filin da babu ado. In fili ya yi yawa, rabin furanninki baƙi wuluk za su fito ko fari fat.

Baba Garba Tela: Ina ta karatu ban ce komai ba. Hajiya Rabi, ina da tambaya. Yadin da kuke amfani da shi a can, bayansa da gabansa ɗaya ne?

Anti Rabi: A'a Baba. Yawancinsa fuska ɗaya ake bugawa, bayan fari-fari ne, kalar ta ɗan leƙo kawai.

Baba Garba Tela: To ai matsalarku ce, ba tamu ba. Yarinyar nan atamfa ta ce tana da ita. Atamfa ta ainihi gaba da baya duk fuska ce. Mu da muke yanka ta kullum, sai mun duba rubutun bakinta ko wurin da aka manna takarda kafin mu san ina ne gaba. In kuwa haka ne, ta yanka shidanta yadda kika ce, sannan ta kifa uku. Ɗaya a buɗe, ɗaya a kife, ɗaya a buɗe, ɗaya a kife. Wanda aka kifa ba shi ne mai hagun da kike cewa babu ba?

Malam Nura: Allahu akbar. Baba, wallahi haka ne. Kifa yanka daidai yake da sa shi a madubi. Kuma da yake alwatikar gefenta biyu daidai suke, in an kifa ta siffarta ba ta canjawa, za ta zauna a gurbinta daram. Sharaɗin kawai gidajen su zama masu rabuwa biyu, 4 ko 6 ko 8. Da gida 5 ba zai yiwu ba, wurin rufewa biyu masu fuska ɗaya za su haɗu.

Anti Rabi: Baba ka gama magana. A nan matan da ke son furen madubi sak, sai dai su nemi yadi mai ado dama da hagu, ko su koma batik, wato yadin da ake yi wa ado da danko a rina, shi ma don rininsa yana ratsawa. Atamfa kuwa ai daga batik ɗin tsibirin Jawa na Indunusiya ta samo asali, Turawan Holan suka mayar da aikin na inji. Ana buga dankon da ke tare rini a fuska biyun yadin, sannan a tsoma, shi ya sa bayanta hoton gabanta ne a juye. Ke nan Maman Ilham, daga kowane jeri na alwatika shida kina da zaɓi shida. Alwatika mai digiri 60 tsininta uku ne, kowanne kika tura tsakiya fure daban zai ba ki, kuma kowanne kina iya yi masa jerin juyi ko jerin madubi.

Alhaji Sani: Ku tsaya tukuna kada a yaudari baiwar Allah. Ni a Kwari nake, atamfa ce sana'ata. Ba duk abin da aka kira atamfa ke da fuska biyu ba. Akwai wadda bugun fuska ɗaya ce, in kin juya za ki ga bayan ya kwanta, kalar ta yi sanyi. Akwai mai fuska biyu amma an yi mata ƙarin zaiba ko ƙyalli a gaba kawai. Har a cikin manyan ma, wata kalar da aka ƙara daga baya takan fi kama gaba a kan baya. Kada ki dogara da suna ko da takardar da ke jiki. Ki ninko gefen yadin ki ɗora bayan kusa da gaban, ki fita da shi hasken rana. A cikin shago da ƙwan lantarki duk ɗaya za ki gani.

Baba Garba Tela: Wannan gaskiya ne Alhaji. Ni ta ainihi na ce.

Maman Ilham: Na je na duba yanzu a tsakar gida. Jan da baƙin ɗaya suke gaba da baya. Ruwan ƙwan ne ya ɗan fi haske ta baya, sai an ƙura ido ake ganewa.

Anti Rabi: Wannan ba zai ɓata ba, zai ma iya ba furen ɗan inuwa, gida ɗaya mai ƙarfi ɗaya mai sanyi. Amma akwai abin da ya kamata ki sani kafin murna ta yi yawa. Jerin madubi ba ya yafiya. A jerin juyi, ganyen ba sa haɗuwa a kan ɗinki, don haka in wani yanka ya goce kaɗan babu mai lura. A jerin madubi kuwa kowane layi na adon dole ya tarar da ɗan'uwansa a bakin ɗinkin. Gocewar da ba ta kai faɗin ashana ba, ido zai kama ta daga ƙofar ɗaki. Kuma atamfa ba ta maimaita kanta sak. Tsage-tsagen nan da ɗigon fari da danko ke bari, kowane yadi da nasa, kalar da aka ƙara ma wani wuri takan ɗan zarce layi. Ni a ganina wannan shi ne kyanta, amma mai son komai ya zauna cif zai sha haushi.

Hajiya Binta Tela: Kun gani ko. Aikin wata guda, a ƙarshe a ce layi bai haɗu ba. Ni dai har yanzu ban ga ribar ba. Turmin nan riga da zani da ɗankwali ne, a yini biyu na gama na karɓi kuɗina. Wa zai biya kuɗin wahalar wannan?

Zulai: Hajiya masu kayan ɗakin amare za su saya wallahi. Yanzu kowa so yake a shigo ɗakinsa a ga abin da babu a na kowa.

Hajiya Binta Tela: Za su yaba, su ɗauki hoto, su ce Allah ya sa albarka. Ki faɗi kuɗi ki ga yadda ake sallama. Na daɗe a sana'ar nan 'yar nan.

Anti Rabi: Hajiya ba ta yi ƙarya ba. Ko a nan da wuya mai yin sa ta fitar da kuɗin lokacinta, yawanci don sha'awa ake yi, ko kyauta ga jika ko amarya. In don kasuwa ne, ƙanana sun fi: rigar filon kujera, gaban jaka, shimfiɗar tsakiyar tebur. Fure bakwai sun isa filo guda, ɗaya a tsakiya shida kewaye.

Baba Garba Tela: Ni abin da ya ba ni dariya, da ake ta cewa ɗinkin Turawa. Haɗa ƙyalle kala-kala a cusa auduga a bi da ɗinki, ai shi ne lifidi. Ku dubi dawakin 'yan lifida ranar hawan sallah. Madubin ne dai da lissafin kusurwa ban gani wurin iyayenmu ba.

Maman Ilham: Baba a gafarce mu. To yanzu turmi ɗaya zai isa? Yadi 6 ne.

Anti Rabi: Sai kin auna maimaicin adon. Ki zaɓi abu ɗaya a kusa da bakin atamfar, a ce tsinin wani ganye, ki bi tsawon yadin har ki sake tarar da shi sak, ba mai kama da shi ba. Ki auna tsakaninsu. Yadin nan na Amurka yawanci inci 12 ne ko 24, faɗinsa kuma 42 zuwa 44. Atamfa ta fi faɗi, adonta kuma yakan fi tsawo.

Maman Ilham: Na auna, inci 36 ne, yadi ɗaya cif. Faɗin kuma in an cire baki mai rubutu 46 ya rage.

Malam Nura: To ga lissafi. Yadi 6, maimaici 6, babu rara ko kaɗan. In mai yankan turmin ya ɗan ci wani gefe, na shidan zai gaza, sai a rage tsawon duka su daidaita da shi. Anti, faɗin tsiri nawa kuke yankawa?

Anti Rabi: Inci 3 da kwata uku shi ne aka fi yi. Bayan ɗinki tsayin alwatikar ya koma inci 3, furen ya zama inci 6 daga gefe zuwa gefe.

Malam Nura: Madalla. Inci 36 zai ba da tsiri 9. Kowane tsiri mai tsawon 46 zai ba da alwatika wajen 20, tunda ɗaya a miƙe ake yanka ta ɗaya a kife. Fure wajen 180 ke nan. In an haɗa su za su rufe kamar inci 70 da 80. Gado mai ƙafa 6 da 6 inci 72 ne kowane gefe, don haka saman zai kusan rufuwa, amma abin da zai zubo gefe sai an ƙara da wani yadin.

Anti Rabi: Kuma ƙarin ya zama yadi mara ado, baƙi ko ja, ido ya samu wurin hutawa. Abu ɗaya da lissafin Malam ya tuna mini: madubi bai san ɗinki yana cin yadi ba. Kowane gefe kwatan inci zai shige ciki. Abin da kika gani a tsinin madubi, in kika yanka daidai nan, ɗinki zai haɗiye shi, tsakiyar furen ta zama wani abu daban. Maganinsa ki samu robar nan mai haske da ake yi wa takardu bango a shagon kwamfuta, ki yanka alwatikar a girman yanka, ki ja layi da biro kwatan inci daga kowane gefe. Madubin a kan layin biro za ki tsayar da shi, ba a bakin robar ba. Kuma ki manna 'yar takarda a jikin madubin a daidai inda furen zai ƙare, don madubi mai inci 6 yana nuna fure kusan ninki biyu na wanda za ki ɗinka. Mutane da yawa abin da ya burge su a madubi yana can waje, inda yankansu bai kai ba.

Zulai: Ni fa ina ganin duk wannan wahala ce. Akwai manhajoji a waya da za ki ɗauki hoton yadi su mayar miki da shi kaleidoskop nan take.

Malam Nura: Akwai, amma ki duba wanne suke yi, yawancinsu jerin madubi ne su ma. Kuma waya ba ta san inci ba, za ta ba ki fure daga yankin da ya kai tafin hannu ko ya kai tabarma, duk girma ɗaya a allo.

Anti Rabi: Mai son ganin jerin juyi kafin yanka, hanya mafi tabbas ita ce ta kai yadin a ɗora a injin hoto mai kala, a fitar da kofi shida na wuri ɗaya a girmansa, ta yanka takardar ta jera. Takarda ce ta lalace ba atamfa ba.

Alhaji Sani: Wata magana kuma, tunda an ce a zo da madubi kasuwa. Turmi a ninke yake zuwa da takardarsa, in an warware shi ba ya komawa yadda yake, mai saye na gaba sai ya ce an taɓa. Kada wata ta zo ta sa yaro ya sauke mata turmi goma ta warware duka tana leƙe, a ƙarshe ta ce za ta dawo. Ki faɗi abin da ya kawo ki tun farko. Ninki ɗaya in an buɗe ya isa a ɗora madubi, in ya yi miki sai a yi ciniki, sannan ki warware abinki ki auna.

Hajiya Binta Tela: Alhaji ka ce dai kada a ɓata maka kaya.

Alhaji Sani: Hajiya ai kowa ya san gidan da yake kwana.

Maman Ilham: A wanke kafin a yanka ko a bari? Atamfar da ƙarfinta take, kuma ga dankon takarda a jiki.

Hajiya Binta Tela: A nan dai zan sa baki. Takarda, ki ɗora dutsen guga mai ɗumi ta bayan wurin, dankon ya saki, ki ɓare a hankali tun da zafinsa. Wanki kuwa, ja da baƙi kika ce. Ki jiƙa farin ƙyalle ki goga a kan jan. In ya ɗauko kala, ki wanke, in ba haka ba ranar wankin farko ruwan ƙwan nan zai koma ruwan goro.

Anti Rabi: Gwajin Hajiya ya zama dole. Amma in bai zuba ba, ni ba na wankewa. Wanki yana sa yadi ya shige, kuma ba ya shigewa daidai ko'ina, sai ki zo jera shidan ki tarar ado ya ƙi hawa kan ado. Ƙarfin nan da kike ji ma taimako ne, don gefe biyu na kowace alwatika yankan karkace ne, da kin ja kaɗan ya miƙe. In dole aka wanke, a sa sitaci a goge kafin a yanka, kuma guga a danna a ɗaga, ba a ja ba.

Baba Garba Tela: Saura yanka. Ninki shida da almakashi, na ƙasa zai gudu ya bar na sama, ko wane irin hannu gare ki.

Anti Rabi: Mu wuƙa mai taya muke amfani da ita, da rula mai kauri da faranti na roba a ƙasa. Kafin nan kuma sai an ɗaure shidan. Ki soka fil a tsinin ganye a na sama, ki ɗaga, ki soka a tsinin ganyen nan a na biyu, haka har na shida, fil ɗin yana tsaye. Ki yi haka a wurare da yawa a faɗin yadin, ki girgiza su zauna, sannan ki kafe su da wasu fil a kwance.

Baba Garba Tela: Wadda ba ta da wuƙar, ta bi shidan da dogon ɗinkin hannu layi-layi tsakanin inda za ta yanka, ta zana da alli, ta sa babban almakashi da aka wasa ranar, yadin yana kwance a tebur kada ta ɗaga shi. Ko ta raba uku-uku. Kada dai a kawo reza, ta fi cin yatsa a kan yadi.

Zulai: Tsakiyar fa, inda tsini shida suka haɗu? Keke na Butterfly zai hau?

Anti Rabi: Ba a haɗa shidan a zagaye. Uku za ki ɗinka su zama rabi, uku su zama ɗaya rabin, ki buɗe kowane ɗinki biyu ki danne da guga, ki haɗa rabi da rabi da fil kawai. Ki jera furannin duka a kan zanin gado a ƙasa, ki yi ta sauya musu wuri har kalolin su bi juna. Sannan ki cire fil, ki ɗinka rabi-rabin a layi, layi kuma ki haɗa da layi. Ta haka duk ɗinkinki miƙaƙƙe ne, babu inda za ki shiga lungu. Butterfly zai hau sarai, in kin zo kan tudun ki bar feda ki juya da hannu.

Baba Garba Tela: Ki kuma rage tsawon ɗinkin, tunda buɗe shi za a yi, in ya yi tsawo zare zai leƙo. Allura lamba 14 ta isa. Cikin kuma kada a cusa masa auduga mai kauri, nan ba Ohayo ba ce, falle ɗaya na yadi mai laushi da shafi a baya sun ishi hunturunmu.